Na'ura Ɗaya Aka Ce In Zaɓa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki da kewarki ta dama, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Yaya yara da karatu? Ki gaishe min da mijinmu, ki ce masa har yanzu ina jiran takalmin da ya yi min alkawari tun ina sakandare. In ya ƙara jinkiri sai dai ya sayo min sandar dogarawa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali shekaranjiya muka yi waya. Maganar ce ta fi ƙarfin waya. Kin san halina, ina farawa murya za ta shaƙe, ke kuma ki ce girki na kan wuta, ki kashe. Shi ya sa na ɗauki biro, don ki ji ni har ƙarshe.

Yaya, an amince wa ɗakin gwaje-gwajenmu ya sayi na'urar karanta ƙwayoyin gado. Guda ɗaya tak, kuma da wuya a sake sayen wata kafin in yi ritaya. Shugaban asibiti ya kira ni ofis, ya ce tunda ni zan yi aiki da ita ni zan zaɓa, in ta yi kyau asibiti ya yi ƙoƙari, in ta ɓaci kuma sun san wadda za su nuna da yatsa.

Bari in yi miki bayanin abin yadda ni ma na fahimce shi. A cikin kowane ɗigon jini akwai wani zare siriri da ido ba ya gani, ko madubin likitan da na tsufa ina leƙawa ba ya nuna shi. A jikin zaren nan akwai rubutu da haruffa huɗu kacal, suna ta maimaituwa har biliyoyi. Tsawon mutum yana ciki, launin fatarsa yana ciki, har wushiryar nan da muka gado wajen Baba. In yaro ya zo duniya da ciwon da aka rasa kansa, sau da yawa a cikin rubutun nan dalilin yake.

Makon jiya wakilin wani kamfani ya kai mu wani babban ɗakin bincike mu ga irin tasu tana aiki. Mai Kwat muke ce masa, don duk zafin rana ba ya cire ta. Sai da aka sa mana leda a takalma da hula a kai kafin mu shiga. Ɗakin sanyi ƙalau, ba ƙura ko ɗaya, ga na'urar a tsakiya ta kai girman firiji biyu, tana wani ɗan gurnani a hankali. Aka kunna mana allo. Sai ga ɗige-ɗigen haske masu launi huɗu, ba su ƙirguwa, suna ƙyaftawa suna canzawa. Mai Kwat ya ce kowane ƙyaftawa harafi ɗaya ne aka karanta daga jikin wani bawan Allah da ke can gidansa yana shan shayi bai ma sani ba. Abin da kawai nake maimaitawa a zuci shi ne Allah mai iko, ashe duk wannan muke ɗauke da shi muna yawo muna faɗa a kan kuɗin mota.

Yanzu ga dalilin wasiƙar. Kin tuna likitar yaran da ta duba ɗanki na fari? Tana nan, ta tsufa tukuf, Kaka Likita kowa ke ce mata, an yi mata ritaya amma ta ƙi zama a gida. Duk jaririn da ya rasu a hannunta ba ta gano dalili ba, takan roƙi uwar ta bar ta ta ajiye ɗan jininsa, ta ce wata rana za a iya karantawa. Firizar da ake ajiye jinin a ciki tana bayan kujerata. Nasa yana ciki, a aljihu na ƙasa, kullum in na buɗe sai na kauda ido.

Ba mu taɓa yin maganar nan baki da baki ba, amma ni ba makauniya ba ce. Na san tun ranar da santsi ya kwashe ki a matattakala da tsohon cikinsa kika yanke wa kanki hukunci. Da ya zo yana jijjiga har ya koma, kika ce kansa ne ya bugu a ciki. Shekara sama da ashirin ke nan ba ki yarda kin zauna a gidan bene ba, kuma ko a kasuwa kika ga mai ciki za ta hau mataki sai kin riƙe mata hannu, ko ba ki san ta ba. Abin yana ci min rai, Yaya.

Na tambayi Mai Kwat ko tasu tana karanta tsohon jinin da ya sha narkewa yana daskarewa saboda ɗauke wuta. Ya ce ita dama gutsure-gutsure take karantawa sannan ta harhaɗa, don haka ko a jikinta. In kin yarje min, ita zan zaɓa, kuma jininsa zai kasance cikin na farko. Ina so ki sani ko matattakalar ce ko ba ita ba ce.

Ki huta lafiya, ina sauraron amsarki.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida gida gaba ɗaya. Da fatan ciwon kan mijinmu ya sauka. Ki ce masa ya rage kallon ƙwallo, ƙungiyar tasa ba za ta gyaru don hawan jininsa ba.

Amsarki ta iso. Gajeruwa ce, amma na daɗe ina juya ta a hannu. Na gode da kika yarda, kuma na ga inda biron ya huda takardar.

Sai dai al'amarin bai zo da sauƙin da na zata ba. Doka ta ce sai an ga na'urar kamfani fiye da ɗaya, don haka aka gayyato na biyu. Mun share wuri, mun matsar da tebur, har mun sa an cire ƙyauren ƙofa don kaya su shigo. Sai ga wata yarinya siririya ta sauko daga motar haya da jakar hannu. Ta gaishe mu, ta zuge jakar, ta ajiye wani abu a kan benci wanda bai fi wayar hannu ba. Na ce mata ina na'urar take, ko tana tafe a babbar mota? Ta ce ga ta nan a gabanki, Anti. Abokan aikina har da masu fita waje don su yi dariyarsu a tsanake. Tun ranar muke kiranta 'Yar Jaka, ita ma tana amsawa.

Amma fa ta san aikinta. Ta ce tata ba ta gutsura zaren, zura shi take yi ta wasu ƙofofi ƙanana ƙwarai, tana gane kowane harafi sa'ad da yake wucewa. Saboda haka dogon zare take so, daga sabon jini. Na ɗauko wani tsohon jini da muka taɓa ajiyewa don koyar da ɗalibai, na ce ta gwada. Ta gwada tsakaninta da Allah, abin da ya fito kuwa shirme ne, ba kai ba gindi. Ba ta yi min kwana-kwana ba, ta ce firizarmu ta fi ƙarfin tata. A raina na ce to kin gama yawo, ƙanwata.

Da aka zauna da kwamiti kowane wakili ya yi bayani. Mai Kwat ya yi ta zuba, hotuna kala-kala, shugaba na ta gyaɗa kai. Kaka Likita tana can ƙarshen tebur ta rufe ido, na ɗauka barci take. Sai ta buɗe ido ta yi tambaya ɗaya: "Ɗana, in na kawo maka jariri yau da safe yana mutuwa a hannuna, yaushe za ka ba ni amsa?"

A nan kwat ta fara yi masa nauyi. Ashe babbar na'urar kamar motar tasha take, ba ta tashi sai ta cika. Sinadarin da ake zuba mata na tafiya guda ne, ko jinin mutum ɗaya ka sa ko na mutane da yawa, duka zai ƙone. A babban birni tana cika cikin 'yan kwanaki. A asibiti irin namu kuwa sai a yi watanni ana jiran fasinja. Ga shi ba ta son ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido, in ta yi tari kuma sai an ɗauko injiniya daga wata ƙasa. Ita kuwa ƙaramar ko mutum ɗaya ne za ta ɗauka ta tafi, gobe ko jibi a ji sakamako, in dai an san unguwar da za a duba a cikin rubutun.

Na tashi na kare babbar da duk ƙarfina. Na ce ta fi zurfi, ta fi rashin kuskure, kuma muna da alkawarin iyaye mata cike da firiza. Duk gaskiya na faɗa. Shugaba ya goyi bayana, amma shi damuwarsa a samu abin da manyan baƙi za su tsaya kusa da shi a ɗauki hoto. Kunya ta kama ni da na gan ni layi ɗaya da shi.

An ɗage zaman zuwa ƙarshen wata. 'Yar Jaka ta bar mana tata aro, ta koya min yadda ake shirya jinin, ta ce in yi wasa da ita. Na sa ta a aljihun tebur tare da almakashi. Kada ki damu, ra'ayina bai canza ba.

Ki shafa min kan autarki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

*

Yaya,

Ina yi miki sallama da fatan alheri, ke da maigida da yara. Allah ya sa kowa lafiya. Yau ba ni da bakin tsokanar kowa, ki yi haƙuri ki karanta a zaune.

An kawo mana wata jaririya, 'yar wani kafinta. Gadonta na bakin taga, shi ya sa nas-nas ke ce mata 'Yar Taga. Tun kwana biyu da haihuwa take jijjiga. A ba ta magani ta lafa kaɗan, a juya baya ta dawo. An canza wannan an canza wancan, an duba jini, an duba ruwan baya, an ɗauki hoton kai, ba a ga komai ba. Uwar yarinya ce ƙarama, haihuwar fari, ta daina kuka ma, sai dai ta zauna ta zuba wa bango ido.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Kaka Likita da kanta a ɗakinmu, ta hawo bene da wannan gwiwar tata, riƙe da ɗan kwalbar jini. Ta ajiye a gabana ta ce, "Fito da abar wasan nan taki. In muka jira, wannan ma firiza za ta." Ta lissafa min wuraren da take zargi a cikin rubutun, na kira 'Yar Jaka a waya tana yi min jagora. Na ɗiga jinin da na tace a bakin na'urar, ɗigon da ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba.

Sai layuka suka fara gudu a allon kwamfuta. Ba hasken nan mai ƙawa irin na babbar, wasu 'yan zane-zane ne kawai suna hawa suna sauka. Amma da na tuna cewa jaririyar da ke ƙasan benen nan ce ke wucewa ta gabana harafi bayan harafi, yadda Mahaliccinta ya tsara ta tun ba ta da ido ba ta da yatsa, sai na ja kujera na zauna. Ba wanda ya taɓa karanta ta sai Shi, yau ga ni 'yar talakawa ina leƙawa. Tsoro ya kama ni, daɗi ma ya kama ni, na rasa wanne ya fi.

Washegari da la'asar amsa ta fito. Harafi ɗaya ne, Yaya. A cikin biliyoyin nan, harafi ɗaya ya sauya a wurin da ke taimakon ƙwaƙwalwa ta yi amfani da wani bitamin. Na sauka da gudu na kai wa Kaka Likita. Ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Ta ce ta taɓa ganin ciwon a littafi tun tana ɗaliba, an ce da wuya likita ya gamu da shi a rayuwarsa, ita ma ba ta taɓa zaton ta gamu da shi ba. Ta aika kantin maganin asibiti. Bitamin ɗin yana nan a kan kanta ya yi ƙura, irin wanda ba mai waiwayarsa.

A gabana aka yi wa jaririyar allurar bitamin ɗin. Muka tsaya cirko-cirko. Ba a jima ba hannun nan da ke ta karkarwa ya saki, ƙafar ta miƙe, fuskar ta warware. Ta yi wani barci mai nauyi har ya ba mu tsoro, Kaka Likita ba ta matsa daga gefenta ba. Da gari ya waye ta buɗe ido ta nemi nono. Uwar ta fasa wani irin kuka da ya tara mana mutanen ɗakin gaba ɗaya. Shi kuwa kafinta ya rasa bakin godiya, ya fita ya dawo da guduma da ƙusa ya bi kujerun ɗakin masu gurguwar ƙafa ya gyare su tas. 'Yar Taga za ta riƙa shan maganin har iya rayuwarta, amma za ta rayu, in Allah ya so.

Jiya kwamiti ya zauna. Tun da safe na buɗe firiza, na jawo aljihun ƙasa, karo na farko na kalli kwalbarsa da kyau. Na daɗe a tsaye har sanyi ya kama min yatsu. Da babbar muka saya, da yanzu 'Yar Taga na jiran mota ta cika, kuma na san ba za ta kai ba. A wajen zaman da aka zo kaina, na ce ƙaramar. Shugaba ya yi min kallon sama da ƙasa ya ce ashe haka nake, ba ni da tsayayyar magana. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Aka sa hannu.

Na karya miki alkawari, Yaya. Ni na tono miki abin da kika binne, na sa ki sa rai, sannan da hannuna na rufe ƙofar. Ba zan ce miki na yi nadamar zaɓin ba, don ƙarya zan yi. Amma tun jiya abinci ya ƙi shiga bakina saboda ke. Ki yi fushi da ni yadda kike so, kin isa, sai dai kada ki daina ɗaukar wayata.

Mai neman afuwarki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da ban girma. Da fatan kuna lafiya, duk da dai labarin lafiyar taku a bakin mijinmu kawai nake ji. Duk sanda na kira sai ya ce kin shiga wanka. Ki ji tausayin fatarki haka nan, ki kuma ji tausayinsa, bawan Allah bai iya ƙarya ba, in zai yi ta har in'ina yake.

Ban rubuto don in sake ba ki haƙuri ba. Wani abu ne ya faru, kuma ya shafe ki.

Kaka Likita ta ce kafin a ɗora yarinya a kan maganin har abada, a tabbatar ta hanyar duba iyayenta. Muka ɗebi jinin kafinta da na matarsa. Ashe kowane wuri a rubutun nan kwafi biyu ne a jikin mutum, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Na san wannan tun a aji, na ma ci jarrabawa a kansa, amma sani daban gani daban. Na buɗe na uwar, ga harafin nan da ya sauya yana zaune a kwafi ɗaya, ɗayan kuma lafiya lau, shi ke riƙe da ita ba ta taɓa ko ciwon kai a kansa ba. Na buɗe na uban, haka. Ita 'Yar Taga sai ta haɗa biyun. Mutum biyu da suka haɗu a layin famfo, kowa ɗauke da abinsa tun kaka da kakanni, ba wanda ya sani.

Ina cikin kallon na uwar sai na ji kamar an zuba min ruwan sanyi. Jaririyar na gani a jikin uwarta, harafi da harafi. Na ce to ashe ko da babu jinin 'Yar Taga, da an duba iyayen za a ga sawun abin. Na juya na kalli firiza. Shekara da shekaru mu mutanen ɗakin nan mun zuba wa kwalabe ido, muna lallashin janareta saboda su, muna jiran na'urar da za ta karanta matattu. Aikinmu ya saba mana da cewa amsar mara lafiya tana cikin kwalbarsa. Ba wanda ya tuna cewa iyayen da suka ba su rubutun suna nan da ransu, da sabon jini a jijiya.

Na gangara wajen Kaka Likita, ban gama magana ba ta riƙe min hannu. Ta ce tun ranar da aka yi wa yarinyar allura ɗanki ke mata yawo a ido, don jijjigarsu iri ɗaya ce, yadda ta fara da yadda ta ƙi jin magani. Ta yi shiru ne don ba ta so ta sa min rai a kan abin da take ganin ba hanyar tabbatarwa. Da can ko an duba ku ba a san inda za a nema ba. Yanzu mun san unguwar, mun san gidan.

Rubutunsa bai ƙare a firiza ba, Yaya. Rabinsa yana jikinki, kina tafe da shi duk inda kika sa ƙafa, rabin kuma yana jikin ubansa. Ƙaramar na'urar nan da na zaɓa a kanki za ta iya karanta ku.

Ba zan sake yi miki alkawarin da ya fi ƙarfina ba. Mai yiwuwa mu duba mu ga ba komai, mu koma inda muke. Amma ki zo, ki taho min da mijinmu ko da ɗaure shi za ki yi. Cokali ɗaya na jini kawai nake nema a wajen kowannenku.

Ina zuba ido a hanya.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata, uwata ta biyu,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ba ta gaji da ganinki ba. Da fatan kun isa gida lafiya, gajiyar hanya ta bi jiki. Ki duba min hannun mijinmu. Ƙato guda, yana ganin allura ya ce ɗakin na juyawa, sai da nas biyu suka yi masa fifita. Har yau ana ba da labarinsa a wajenmu.

Da za ki shiga mota kin ce kada in faɗa miki a waya, kada kuma in zo in tsaya a gabanki ina murza hannu, in rubuto kawai, ki karanta ke kaɗai a ɗaki. Ga shi na rubuto.

Na duba naki, na duba nasa, na sake ɗaukar sabon ɗigo na maimaita don kada son zuciya ya sa idona ya ga abin da babu. Na tura wa 'Yar Jaka ba tare da na gaya mata na waye ba, ita ma abin da ta gani ke nan. Kina ɗauke da sauyin a kwafi ɗaya. Shi ma yana ɗauke da shi a kwafi ɗaya, a wuri guda da na iyayen 'Yar Taga. Kaka Likita ta haɗa wannan da abin da ta gani da idonta a jikin jaririnki a wancan lokacin, ta ce iyakar tabbacin da ɗan Adam zai iya samu a aikin likita, ta same shi. Ɗanki ya haɗa biyun ne.

Abin yana rubuce a jikinsa tun kafin ki san kina da ciki, tun bai da kan da zai bugu. Da a kan katifa kika kwanta wata tara ba ki motsa ba, da haka zai zo. Ba matattakalar ba ce. Ba ke ba ce, Yaya.

Akwai sauran rabin maganar, kuma ba zan ɓoye miki ba. Bitamin ɗin nan yana kantin asibitin a wancan lokacin ma. Ba wanda ya san shi ake nema, ba na'urar da za ta faɗa, a nan ko a wani wuri kusa. Na san wannan zai yi miki ciwo, ni ma na yi kukansa har na gode Allah. Kaka Likita ta ce in gaya miki wannan kayan nata ne, ba naki ba, kada ki kuskura ki sauke wancan ki ɗauki wannan. Tun jiya ta sa a fara neman sauran iyayen da ke da ajiya a wajenta, ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka samu da rai.

Yaranki da suka biyo baya Allah ya tsallakar da su, ba su haɗa biyun ba. In sun tashi aure za mu duba su, mu duba waɗanda za su aura, kuma duk jikan da ya zo da abin, maganinsa na jiransa tun ranar farko. A gidanki ba za a sake yin wancan rashin a kan wannan ciwon ba, da yardar Allah.

Saura abu ɗaya. Ɗan jininsa da ke aljihun ƙasa ba ya jiran komai yanzu, an amsa tambayar da aka ajiye shi dominta. Na nemi izinin Kaka Likita ta ba ni. In kin yarda, ranar Asabar zan taho da shi a hannuna, ki raka ni inda yake kwance mu mayar masa da abinsa. Ni ban san wurin ba, lokacin ina makaranta, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarki ba. Ke za ki nuna min hanya.

Ki ci abinci, ki yi barci.

Ƙanwarki,
Auta